Binciken Aikin Gaɓoɓin Jiki Ba Almubazzaranci Ba Ne: Martani Daga Unguwar Masana'antu ta Kudenda

Wata maƙala da ta fito kwanan baya ta kawo ra'ayin cewa ya kamata jami'o'in arewacin Nijeriya su daina kashe kuɗi da lokaci a kan binciken fiziyoloji, wato ilimin da ke nazarin yadda gaɓoɓin jiki mai rai suke gudanar da aikinsu, tun daga bugun zuciya da numfashi har zuwa tace jini da ƙoda ke yi da daidaita zafin jiki, su taƙaita ga koyar da abin da manyan littattafai suka riga suka tattara. Mai maƙalar ya kafa ra'ayinsa a kan hujjoji uku: cewa wannan fanni ya riga ya kammala, babu sauran abin ganowa a cikinsa, cewa jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, saboda haka abin da aka auna a Amurka ko Ingila ya wadatar da likitan Kaduna, da kuma cewa ƙasar da asibitocinta ke fama da ƙarancin magani da ma'aikata ba ta da hurumin yin bincike. Damuwarsa game da halin da asibitoci suke ciki damuwa ce ta gaskiya, haka nan ƙorafinsa a kan binciken da ake yi don neman ƙarin girma a wurin aiki kawai, wanda kan ƙare a kan kanta babu mai karantawa. Sai dai hukuncin da ya yanke bai dace da tarihin fannin ba, bai kuma dace da buƙatun mutanen da ke aiki a wurare irin Kudenda ba, unguwar masana'antu da ke kudu da kogin Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, inda zafi da ƙura da ƙarar inji suke gwada jikin ma'aikaci kowace rana.

Hujjar farko, cewa fannin ya kammala, ita ce mafi rauni, domin irinta aka yi ta faɗa a kowane zamani har wani mai lura ya zo ya rushe ta. Fiye da shekara dubu likitoci suna riƙe da maganar Jalinus, babban likitan zamanin dā, cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan kafofi da ke jikin bangon da ya raba su, har Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, ya bayyana cewa babu waɗannan kafofi, jinin ta huhu yake zagayawa, sannan William Harvey ya tabbatar da zagayen jini gaba ɗaya a littafinsa na 1628. Ba a buƙatar komawa can baya ma, domin lambar yabo ta Nobel ta 2017 an ba da ita ne ga masu binciken da suka gano ƙwayoyin gadon da ke sarrafa agogon jiki, wato tsarin da ke tsara barci da farkawa da sauyin zafin jiki cikin awa 24; ta 2019 ga waɗanda suka gano yadda ƙwayoyin halitta suke gane ƙarancin iskar oksijin su ɗauki mataki; ta 2021 kuma ga David Julius da Ardem Patapoutian, waɗanda suka gano sinadaran da fata da jijiyoyi suke jin zafi da sanyi da taɓawa da su. Littafin Arthur Guyton, wanda ɗaliban likitanci na Zariya da Kano da Sakkwato suke dogaro da shi, ya fara fitowa a 1956, kuma dalilin da ya sa ake ta sabunta bugunsa tun daga lokacin shi ne cewa abin da ke ciki yana sauyawa.

Hujja ta biyu ta fi buƙatar natsuwa, domin akwai gaskiya a cikinta: zuciyar mutumin Kudenda tana da ɗakuna huɗu kamar ta mutumin Landan, kuma ƙa'idojin da ke tafiyar da numfashi ko tace jini ba su san iyakar ƙasa ba. Amma likita ba da ƙa'ida kaɗai yake aiki ba, yana aiki ne da abin da ake kira ma'aunin lafiyayyu, wato iyakokin lambobi da aka samo ta hanyar auna mutane masu lafiya da yawa, waɗanda ake gwada sakamakon majiyyaci da su kafin a ce yana da ciwo ko ba shi da shi. Ingancin wannan ma'auni ya rataya ne a kan su wa aka auna, kamar yadda telan da ya yanka riga da awon wani ba zai yi mamaki ba idan ta matse wa mai ita. Ma'aunin ƙarfin huhu da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa, wanda aka fitar a 2012 daga bayanan mutum fiye da 70,000, ya kasa mutane gida huɗu, wato Turawa, da baƙaƙen fatan Amurka, da mutanen arewa maso gabashin Asiya, da na kudu maso gabashinta, babu rukunin mutanen Afirka ta kudu da Sahara a ciki. Lissafin da ake ƙiyasta aikin ƙoda da shi daga sinadarin kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa ƙoda kuma ta tace, ya daɗe yana ƙara wa duk baƙar fata wani kaso bisa bayanan da aka tara a Amurka, abin da kan sa ƙodar da ta fara gazawa ta yi kama da lafiyayya a takarda, har aka cire wannan ƙari a 2021.

Misalan ba su tsaya nan ba. A watan Disamba na 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini, wadda ke aiki ta hanyar haska fata, ta kasa gano ƙarancin oksijin mai hatsari a kashi 11.7 cikin ɗari na awon da aka yi wa baƙaƙen fata, alhali a na farare kashi 3.6 ne kawai, kuma irin wannan na'ura ce ake amfani da ita a asibitocin Kaduna wajen yanke shawarar wane yaro mai ciwon huhu za a sa wa oksijin. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma wannan gadon yakan zo da ƙarancin wani jinsin fararen ƙwayoyin jini ba tare da wata illa ba, ta yadda idan aka gwada su da ma'aunin Turai sai a ɗauki lafiyayye a matsayin mara lafiya. Game da hawan jini kuwa, binciken da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka a kan mutum 728, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin magunguna biyu mai ɗauke da amlodifin ya fi sauke jini a cikin baƙaƙen Afirka a kan haɗin da babu shi, sakamakon da ya dace da abin da fiziyoloji ya sani cewa hawan jinin da yawa daga cikinsu ya fi alaƙa da riƙe gishiri da ruwa a jiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da za a sani da a ce kowa ya bi shawarar mai maƙalar ya wadatu da awon wasu.

Hujja ta uku, cewa talauci ya haramta bincike, tarihin Zariya kaɗai ya isa ya amsa ta. An buɗe tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, kuma cikin shekara goma da suka biyo baya, da kayan aiki da ba su kai na yau ba, aka gudanar da binciken da har yanzu duniya take amfana da shi. David Warrell da abokan aikinsa sun yi nazarin yadda dafin kububuwa yake cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, suka fito da gwaji mai sauƙi: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, idan bai daskare ba to dafin ya shiga jini kuma ana buƙatar maganin dafi. Wannan gwaji, wanda kuɗinsa bai wuce na kwalba da sirinji ba, ana amfani da shi a Kaltungo da ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka. A wannan lokacin ne kuma Brian Greenwood da abokansa suka yi nazarin sanƙarau, suka danganta ɓarkewarsa a rani da bushewar iska da ƙura, waɗanda ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini.

Mafi darasi a cikin waɗannan shi ne binciken gazawar zuciya bayan haihuwa. Neil Davidson da Eldryd Parry sun bi diddigin mata 224 a Zariya, suka wallafa sakamakon a 1978, inda suka danganta yawan ciwon da al'adun jego: kunun kanwa, wanda gishirinsa ke sa jiki ya riƙe ruwa har yawan jinin da zuciya za ta harba ya ƙaru, da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, waɗanda zafinsu ke buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya nauyi. Wannan bayani ya shiga littattafan duniya ya zauna shekaru da dama, har Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake auna matan da ke fama da ciwon da na'urar hoton zuciya da gwajin jini, suka sami ƙarancin sinadarin seleniyom a jikin da yawa daga cikinsu, sannan rajistar da suka jagoranta a asibitocin Nijeriya ta nuna cewa rama da talauci da hawan jinin masu ciki sun fi waɗancan al'adu alaƙa da ciwon. Abin lura shi ne cewa bayanin da aka gina a Zariya a Kano aka gyara shi, domin a nan matan suke, a nan ake shan kunun, kuma babu jami'ar Turai da ke da dalilin sa wannan tambaya a gaban nata tambayoyin.

Irin waɗannan tambayoyi suna nan jibge a Kudenda da maƙwabtanta, Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 yankin ya zama matattarar ma'aikata, kuma ko da yake manyan masaƙun sun durƙushe a shekarun 2000, dubban waɗanda suka shaƙi ƙurar auduga na tsawon shekaru suna raye, alhali an san cewa wannan ƙura tana ƙuntata hanyoyin numfashi, da farko a ranar komawa aiki bayan hutu, daga baya kuma har abada. A yau akwai sauran masana'antu, da tashar lantarki mai megawat 215 da aka tsara wa Kudenda, da masu walda, da masu injin niƙa, da 'yan dako, da direbobin manyan motoci. A watannin Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 35, kuma hanyar da jiki ke da ita ta kare kansa ita ce gumi, domin kowace lita ɗaya da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580, mai aikin ƙarfi kuwa yana iya zubar da fiye da lita ɗaya cikin awa guda. Idan ba a mayar da ruwan ba sai yawan jini ya ragu, zuciya ta ƙara sauri, jinin da ke zuwa ƙoda ya yi ƙasa, kuma maimaituwar wannan hali na cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon ƙodar da ya addabi masu saran rake a Nikaragwa da El Salbado. A ƙasar da garuruwa irin Gashuwa suka yi suna da yawan ciwon ƙoda, kuma azumin Ramadan na shekarun 2023 zuwa 2025 ya faɗo a tsakiyar bazara, sanin adadin ruwa da gishirin da lebura ke rasawa a yini, da awannin da suka fi dacewa da aiki mai nauyi, buƙata ce ta lafiyar jama'a.

Haka lamarin yake ga kunne da huhu da barci. A cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi waɗanda ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta, kuma idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, shi ya sa aka sa desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a matsayin iyakar da ba a so ma'aikaci ya wuce cikin awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin sau biyu. A hunturu kuwa ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana haɗuwa da hayaƙin janareta da na motoci, a lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, yanayin da ba shi da kama a garuruwan da aka rubuta littattafan koyarwa. Masu aikin dare kuma suna aiki ne a lokacin da agogon jikinsu ya sauke zafin jiki da kuzari don barci, abin da ke da alaƙa da yawan haɗari a bakin inji. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aiki ya jawo masa cuta ko raunin ji, amma haƙƙin ba ya tabbata sai da awo, kuma ma'aikacin da ba a auna jinsa ko huhunsa ba ranar da aka ɗauke shi, wanda kuma babu ma'aunin lafiyayyun garinsu da za a gwada shi da shi, da wuya ya iya nuna cewa aikin ne ya cuce shi.

Daga nan ne ake gane kuskuren mai maƙalar game da koyarwa, domin ya raba ta da bincike kamar abubuwa ne biyu masu gasa a kan kuɗi ɗaya. Ɗalibin da ya haddace cewa bugun zuciyar baligi a lokacin hutu yana tsakanin 60 da 100 a minti, bai taɓa auna bugun mutum ɗari ya ga yadda lambobin ke bazuwa ba, bai kuma ga yadda suke sauyawa bayan hawa bene ko bayan yini a rana ba, ya san lamba amma bai san daga ina ta fito ba, kuma ba zai iya shakkarta ba ranar da ta saɓa wa majiyyacin da ke gabansa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma binciken ilimin koyarwa ya zo da abin da ya gaskata haka: wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara sakamakon bincike 225 a darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, ya sami cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suna faɗuwa a azuzuwan da lacca kaɗai ake yi, alhali kimanin kashi 22 ne suke faɗuwa inda ake sa su warware matsala da tattaunawa da gwaji. Malamin da ke bincike shi ne ke iya koyarwa ta wannan hanya, domin yana da tambayoyin da ba a amsa ba da zai miƙa wa ɗalibansa, wanda kuwa ya bar bincike yakan ƙare da karanta wa ɗalibai takardun laccar da aka karanta masa shekara ashirin baya.

Batun kuɗi ma bai kai yadda aka zuzuta shi ba. Gaskiya ne cewa binciken ƙwayoyin gado da na sinadaran cikin ƙwayar halitta yana buƙatar na'urori masu tsada da lantarki mara yankewa, kuma ba hikima ba ne kowace jami'a ta ce sai ta yi gasa da manyan cibiyoyin duniya a wannan fage. Amma awon numfashi, da awon ji, da awon hawan jini, da auna nauyin ma'aikaci kafin aiki da bayansa don sanin ruwan da ya rasa, da gwajin kaurin fitsari, duk ana yin su da kayan da za a iya ɗauka a jaka ɗaya. Tsangayar likitan dabbobi ta Zariya ta shafe shekaru tana wallafa bincike a kan yadda bazara da hunturu da doguwar tafiya a mota suke shafar zafin jikin jakuna da awaki da kaji, da ma'aunin zafi da agogo da haƙuri, kuma babu dalilin da zai hana a yi wa ɗan dako abin da aka yi wa jaki. Cibiyoyin da za su ɗauki aikin suna kusa: Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tare da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen fiziyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello, sannan asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana da kason da aka ware domin bincike. Maganin binciken banza da mai maƙalar ya koka a kansa shi ne a sauya tambayoyin da ake yi da ma'aunin da ake ƙara wa malamai girma da shi, ta yadda aikin da ya amfani asibiti ko masana'anta zai fi yawan takardu daraja.

Saboda haka ra'ayin a rufe ƙofar bincike a bar koyarwa ita kaɗai ra'ayi ne da zai haifar da likitoci masu auna jama'arsu da ma'aunin wasu, da ma'aikata marasa hujjar neman haƙƙinsu, da malamai masu maimaita abin da zamani ya wuce. Abin da ya kamata shi ne sassan fiziyoloji na Kaduna da Zariya su mayar da aikin ƙarshe na ɗalibansu wani shiri guda mai ɗorewa, wanda a kowace shekara zai auna numfashi da ji da hawan jini da aikin ƙodar ma'aikatan Kudenda da Kakuri, da yardarsu da kuma kiyaye sirrinsu, a bazara da damina da hunturu, har a tara ma'aunin lafiyayyu na wannan yanki. Ya kamata masu masana'antu su buɗe ƙofofinsu ga wannan aiki, ƙungiyoyin ƙwadago su nemi a auna kowane ma'aikaci ranar ɗaukarsa da kuma duk shekara, gwamnatin jiha kuma ta sa sakamakon a cikin ƙa'idojin duba wuraren aiki, domin lafiyar waɗannan ma'aikata amana ce a wuyan malamai da masu masana'antu da hukuma baki ɗaya.